Zama garkuwa daban, yin garkuwa da mutum daban: yadda muka gyara ma'anar wani tubalin labari

Muna da wani littafin rubutu mai shuɗin bango a ƙungiyarmu ta masu wasan kwaikwayo a nan Garwa, irin wanda 'yan makaranta ke saya a bakin kasuwa. A ciki muke tara abin da muke kira tubalan labari, wato abubuwan nan da ke yawan dawowa a tatsuniya da fim da wasan rediyo, har mai sauraro ya shinshino su tun ba su iso ba: kishiya mai barbaɗe a miya, jaririn da aka musanya ranar haihuwa, saƙon da ya iso bayan an shafa fatiha. Kowane tubali da shafinsa, ma'anarsa a sama, misalai a ƙasa. Amfanin littafin shi ne in mun zauna tsara sabon wasa wani ya ce a sa tubali kaza a nan, kowa ya gane ba sai an yi dogon bayani ba.

Shafin garkuwa ne ya so ya gagare mu. Ma'anar da muka rubuta masa tun farko gajera ce: "wani ya kare wani daga haɗari." Da yake ƙofar a buɗe take, kowa ya zo sai ya jefa nasa. Ga uwar da ta kwanta a kan ɗanta da gobara ta tashi, ga masuncin da ya tsamo yarinya daga Binuwai, ga dogarin da ya tare wa sarki mashi, ga Bayajidda a bakin rijiya, ga yayan da ya ce shi ya ɗauki kuɗin alhali ƙanensa ne. Shafi ɗaya ya koma huɗu. Rannan sai wani ƙanenmu ya ƙara nasa: ɗan zargina, wato ɗan fashin daji, ya riƙo ɗan makiyayi a gabansa yana ja da baya, don kada jandarmomi su harbe shi. Da na yi masa magana sai ya ce, "Yaya, ai wannan ma garkuwa ce. Ba ka jin rediyo kullum ana cewa masu garkuwa da mutane?"

Ba wanda ya yi masa dariya, domin yana da gaskiyarsa. Kalmar ɗaya ce. Garkuwa ita ce fatar nan mai kauri da mayaƙi ke riƙewa a hagu ya tare mashi da kibiya, 'yar'uwar sulke da lifidin da muke gani a jikin dawakin lamido ranar hawan salla. Daga nan ta zama sarauta, a masarautun Hausa akan naɗa mutum Garkuwa, wato wanda gari ke fakewa a bayansa. Kuma daga wannan kalmar dai aka sami sunan sana'ar da ta fi kowace addabar yankinmu. Duk wanda ya zauna a Tuboro ko wani gari na Mayo-Rey, ko rugagen Adamawa, ko ya tsallaka Mayo-Kebbi a Cadi, ya san gidajen da aka sayar da shanu aka kai kuɗin daji don a karɓo yaro. To yaya aka yi kalma guda ta ɗauki yabon da ya fi kowane girma, ta kuma ɗauki wannan?

Amsar tana cikin 'yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita. Ana cewa wane ya zama garkuwa ga wane, ana kuma cewa wane ya yi garkuwa da wane. Wannan "da" ɗin ita ce ta "ya yanka da wuƙa", ita ce ta "ya ɗaure da igiya". Duk abin da ya biyo bayanta kayan aiki ne. Wanda aka yi garkuwa da shi an sauke shi daga matsayin ɗan Adam an mai da shi fata. Wanda ya zama garkuwa kuwa da ƙafarsa ya tafi. Hausa ta riga ta raba su, mu ne muka yi sakaci muka cakuɗa. Dokokin yaƙi na duniya ma sun ware yin garkuwa da mutum a matsayin laifi: yarjejeniyar Jeniba ta huɗu, ta 1949, ta hana a fake da kasancewar farar hula a wani wuri don kare wurin daga farmaki, ƙarin da aka yi a 1977 ya sake jaddada haka a sashe na 51, sannan yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun duniya mai hukunta manyan laifuka, ta lissafa shi cikin laifukan yaƙi.

Abin da ke ruɗar mai shirya fim shi ne hoton iri ɗaya ne. Ka tsayar da bidiyon a daidai wurin, mutum uku za ka gani a layi: mai makami, na tsakiya, da na baya. Amma kama da wane ba ta wane. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Vladimir Propp, ya yi nazarin tatsuniyoyin ƙasarsu ya fitar da sakamakon a 1928, ya ce duk yawansu ayyuka 31 ne ke tafiyar da su, kuma ba a tantance aiki da wanda ya yi shi, sai da abin da ya haifar a tafiyar labarin. Wannan ma'aunin ya yi mana amfani ƙwarai. Idan mutum ya zama garkuwa, abin da ke biyo baya bashi ne. Wanda aka kare zai tashi da nauyin da bai roƙa ba, kuma ragowar labarin a kan yadda zai ɗauki nauyin nan zai tafi. Idan kuwa an yi garkuwa da mutum ne, hankalin mai kallo yana kan jandarman da ke riƙe da bindiga yana tsaka mai wuya: ya harba ko ya sauke? Na tsakiyar a fage na farko shi ne tauraro. A fage na biyu ko magana ba lallai ya yi ba. Hanyoyi biyu ne da ba sa kai mutum gari ɗaya, don haka muka yanke misalin ƙanen namu muka buɗe masa shafinsa.

Wannan shi ne mai sauƙin. Wanda ya cinye fiye da rabin misalanmu shi ne ceto, kuma a nan ne aka fi yi mini gardama, domin ceto da garkuwa duk daga zuciya mai kyau suke fitowa. Sai dai aikinsu ya bambanta. Mai ceto ko dai ya kawar da haɗarin, ko ya fitar da mutum daga cikinsa. Bayajidda ya sare kan macijin rijiyar Kusugu, mutanen Daura suka sami ruwa, haɗari ya ƙare. Masunci ya jawo yarinya zuwa gaɓa, ita da shi duk sun bar ruwan. Garkuwa kuwa ba ta kashe mashi. Mashin yana nan tafe da ƙarfinsa, abin da ya sauya kawai shi ne jikin da zai sauka a kai. Shi ya sa ceto yake neman gwaninta, ko takobi, ko iya iyo, ko ƙarfin damtse, ita kuwa garkuwa ba ta neman komai sai jiki da yarda. Wannan ne ya sa ta zama tubalin marasa ƙarfi. Uwa tana iyawa, tsohuwa tana iyawa, yaro ɗan shekara goma yana iyawa. Ka dubi kaza a tsakar gida idan inuwar shirwa ta gilma: ta yi wani ƙaraji, 'yan tsaki su rugo, ta baza fukafukai ta kumbura ta lafe a kansu. Ba ta da abin da za ta yi wa shirwa. Bayanta kawai ta miƙa.

Ni wannan ba a littafi na fara saninsa ba. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas Goggona, ƙanwar mahaifina, ta tafi da ni kasuwa ana jajiberin salla. A hanyar dawowa, muna cikin wani matsattsen lungu tsakanin katangu biyu, sai muka ji ihu a bayanmu. Wani bijimi ne ya tsinke igiya daga hannun mahauta ya shigo lungun. Babu wurin gudu. Abin da nake iya tunawa shi ne ta damƙi wuyan rigata ta manna ni da bango, ta juya baya ta rufe ni ruf, fuskata cikin zaninta, ina shaƙar ƙaurin hayaƙin murhu da man shanu. Sai na ji wani gum a jikinta, ya ratso har ƙirjina. San nan ko ƙahonsa ban gani ba. Ƙwaryar da ta ɗauko ta tarwatse, gero ya watsu a ƙasa. Da mutane suka taru a kanta, abin da ta fara cewa shi ne, "Ku duba mini yaron." A ƙugu ya same ta. Ta daɗe a kwance mai ɗori yana zuwa, kuma har ta bar duniya tana ɗingishi, salla ma a zaune take yi. Allah ya jiƙanta.

Abu biyu na ɗauko daga lungun nan waɗanda finafinanmu ke yawan kuskurewa. Wanda aka kare sau da yawa ba ya ganin abin da aka kare shi daga gare shi, domin jikin da ya tare haɗarin ya tare masa gani. A fim kuwa sai a nuna shi ya zaro ido yana kallon komai daga gefe kamar ɗan kallo. Na biyun ya fi nauyi: abin ba ya ƙarewa a ranar. Bugun na ƙiftawar ido ne, ɗingishin na shekara da shekaru.

Mu da muka tashi muna jin sira a bakin malamai, ma'aunin da ke cikin kanmu daga can ya fito, ko mun lura ko ba mu lura ba. Wannan tarihi ne, ban kawo shi don in jera shi da ƙagaggen labari ba. Na kawo shi ne domin shi ya koya wa kunnen mai sauraronmu yadda garkuwa ta gaskiya take, kuma da shi yake auna abin da muka nuna masa. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, lokacin da sahun Musulmi ya warwatse, Abu Dujana ya sunkuya a kan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kibau suna sauka a bayansa bai gusa ba. Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya sa hannunsa ya tare, hannun ya shanye. Ɗalha bai rasu ba sai shekara ta 36, wato ya rayu da hannun nan shekara 33, har waɗanda suka zo daga baya suka gan shi suka ba da labarinsa. Duk wanda ya taɓa jin wannan, idan ka nuna masa jarumin da ya tare sara a fage na biyar ya fito garau a fage na shida, zuciyarsa ba za ta karɓa ba ko bakinsa bai faɗa ba.

Akwai kuma Na'ila, matar Sayyidina Usman. A shekara ta 35, ranar da aka haura masa gida a Madina, ta sa hannunta ta tare takobi, aka sare mata yatsu, kuma duk da haka aka kashe shi. Wannan ya warware mana wata gardama. Wasu daga cikinmu sun so a rubuta a ma'anar cewa dole wanda aka kare ya tsira. Na ƙi. Garkuwar da aka huda ba ta fasa zama garkuwa ba. Tsayawar ita ce tubalin, sakamakon na mai labari ne ya yi yadda ya so da shi.

Daren hijira kuwa, a 622, da Sayyidina Ali ya kwanta a shimfiɗar Manzon Allah ya lulluɓa da mayafinsa, masu jiran ƙofa suna leƙe suna zaton mai gidan ne, wani abu ne na daban duk da sadaukarwar tana da girma. Wanda ake nema ba ya bayansa, ya riga ya fita. An karkatar da idon maƙiyi ne, an ɓatar masa da sawu. Idan mai ƙagen labari ya gina fage a kan irin wannan, daɗinsa yana cikin jira: yaushe za su gane? Muka ba shi shafi mai suna ɓad da sawu. Kusa da shi muka buɗe na fansa, inda mutum ke tsayawa gaban 'yan zargina ya ce, "Ku sake shi, ku tafi da ni." A fansa akwai magana, akwai ciniki, akwai lokacin da mugun zai duba ya ga ko musayar ta yi masa, yana iya karɓa yana iya ƙi. Garkuwa ba ta neman amincewar mashi.

Sai maganar bindiga, wadda ta shigo ta ɓata mana lissafi. Tubalin nan a zamanin kibiya da mashi da takobi aka haife shi, lokacin da ido ke ganin hannu ya ɗaga, ƙafa kuma ta sami damar takawa. Finafinan Indiya da na Amurka da muka taso muna kallo suka ɗauko shi suka ɗora wa harsashi, na Kano suka bi, mu ma muka bi: a harba, a rage gudun hoto, jarumi ya yi tsalle ya tare. Harsashin kalashinkof yana fita da gudun wajen mita 700 a sakan guda, ninki biyu na gudun sauti, wanda bai wuce wajen mita 340 ba. Idan tazarar mita 10 ce, cikin kashi 1 cikin 70 na sakan ya iso. Ɗan Adam kuwa kafin ido ya gani jiki ya amsa sai an ci kusan rubu'in sakan. Wanda ya ji ƙara sannan ya yunƙura, aikin gama ya gama. Kuma harsashin irin wannan bindiga, daga kusa, yana iya ratsa jiki ya sami na baya. Don haka muka rubuta a gefen shafin cewa a wasanninmu mai tarewa zai motsa ne tun yana ganin an ɗaga bakin bindiga. Na ga ma ya fi daɗi a haka, domin mai bindigar yana samun ɗan lokacin da zai ga wanda ya tsaya masa, mai kallo kuma ya ga fuskarsa.

Dogari fa? An daɗe ana ja a kansa. Masu cewa a cire shi hujjarsu ita ce aikinsa ne, ana ciyar da shi don haka, ina sadaukarwa a abin da aka biya ka? Ni ina ganin yana ciki. Albashi yana sa mutum ya tsaya kusa da ubangidansa, amma babu kuɗin da ke hana jiki kaucewa idan abin ya zo. Ranar 30 ga Maris 1981 a Washinton, wani mutum ya buɗe wa shugaban Amurka Ronald Reagan wuta, harsashi shida cikin ƙasa da sakan biyu. Hoton bidiyon yana nan: mutane suna duƙewa, mai tsaronsa Tim McCarthy kuwa ya juyo ya fuskanci inda wutar ke fitowa, ya buɗe jikinsa. Harsashi na huɗu ya same shi, ya kuma rayu. Bai riga harsashin farko ba, babu mai iya haka, amma ya tsaya wa waɗanda ke tafe. Horo ne ya kai shi, na yarda, sai dai shi ya zaɓi horon, shi kuma ya tsaya. Inda nake saka sharaɗi shi ne idan dogarin ba shi da ikon cewa a'a. A zamanin da, da yawa daga dogaran fada bayi ne. Idan labari ya nuna sarki ya jawo bawansa gabansa, ko bawan ya san kaucewa ma mutuwa ce, to mun zame mun koma shafin ƙanen nan namu, ko da mawaƙin fada ya yi wa mamacin kirari. Marubuci mai hankali yana iya gina wasa guda a kan wannan siririn layin, mai kallo ya tashi bai tabbatar ba ko bawan ya tsaya ne ko an tsayar da shi.

Ɗan tauri ya fi sauƙin yanke wa hukunci. Idan a cikin duniyar labarin ƙarfe ba ya cinsa, kuma ya san ba ya cinsa, to tsayawarsa gaban wuƙa nuna gwaninta ce, wurinta shafin ceto. Abin dubawa shi ne abin da ya sani lokacin da ya taka. Wanda ya rataya laya bai tabbatar tana ci ba, ya dai tsaya, wuƙa ta goce, wannan garkuwa ce cikakkiya, sa'a ce ta zo masa. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwana marubuta: in kowane mai tarewa a wasanninmu sa'a tana fisshe shi, mai kallo zai koyi cewa wurin ba wurin tsoro ba ne, ranar da muke son ya riƙe numfashi sai mu tarar yana duba wayarsa.

Akwai wani fage da muka fi kowane ganinsa a zahiri. An biyo ɓarawo da duwatsu da gorori, ya faɗa zauren wani dattijo, dattijon ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "'Ya'yana, sai dai ku fara da ni." Na bar shi a shafin garkuwa, domin jikinsa yana tsakani kuma dutse ba ya tambayar shekaru. Sai dai abin da ke tare taron furfurarsa ce da kunyar idonsa, shi ya sa sau da yawa ba a kai ga jifa. Idan aka cire jikin aka bar sunan kaɗai, an shiga wani tubalin. Muɗ'im ɗan Adiyyu, bai musulunta ba, amma ya shelanta wa Ƙuraishawa cewa Manzon Allah yana ƙarƙashin kariyarsa da ya dawo daga Ɗa'ifa. Irin wannan mafaka tana aiki ko mai ita yana barci a gidansa, domin abin da aka jingina mutuncinsa ne da na danginsa.

Wanda har yanzu ba mu daidaita a kansa ba shi ne yayan da ya ɗauki laifin ƙanensa. Ni na mai da shi shafin ɗaukar laifi, saboda a kan ɓoye gaskiya yake tsaye, kuma abin da ke jan labarinsa shi ne ranar da asiri zai tonu. Wata 'yar'uwarmu da ke rubuta mana yawancin maganganun mata ba ta yarda ba. Ta ce mini, "Malam, kai jiki kawai kake gani. Macen da ta amsa laifin ƙanwarta aka sake ta, aka yi ta nuna ta a unguwa, me ya rage mata da bai kai ɗingishin Goggonka ba?" Ban sami amsar da ta gamsar da ita ba, kuma maganar tata ta zauna mini. Na bar shafukan biyu a rabe don aikinsu a labari ya bambanta, amma ta ja layi da jan biro daga wannan zuwa wancan, ban kuwa goge ba.

Ga abin da ke saman shafin yanzu: "Garkuwa: mutum ya sa jikinsa da kansa tsakanin wani da haɗarin da ke tafe, yana sane cewa abin zai iya sauka a kansa, ba tare da ya kawar da haɗarin ba, ko na bayansa ya tsira ko bai tsira ba." Misalan da suka rage a ƙarƙashinta ba su cika rabin shafi ba. Wani ya ce mun tsananta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sauran misalan ba a zubar da ko ɗaya ba, kowanne ya koma ɗakinsa, kuma yanzu in aka ce a sa garkuwa a nan babu mai tashi ya kawo masunci.

Gyaran ya taɓa wasan da muke ɗauka a wannan daminar. Labarin wata budurwa ce da ƙanenta, ruwan Agusta ya jiƙa katangar ƙasa ta gidansu, ta rufto da dare. A rubutun farko ta ture shi gefe, katangar ta danne ta, ta yi masa wasiyya mai tsawo a kan cinyarsa, aka sa kiɗan tausayi, aka wuce gaba. Muka sake duka. Yanzu ba ta da inda za ta tura shi, sai ta dafa hannu biyu ta yi masa rumfa. Kyamara tana ƙasa tare da yaron, duhu kawai yake gani da ƙarar numfashinta a kunnensa. Ba ta mutu ba, hannunta na dama ne ya tafi. Muka ƙara fage uku da ba su cikin tsarin farko: ranar da ta kasa riƙe taɓarya, ranar da dangin saurayinta suka zo gaisuwa ɗaya daga cikinsu ta tsura wa hannun ido, da ranar da ƙanen, ya girma, ya sami aiki a Ngaundare ya rasa bakin da zai gaya mata zai tafi.

Yarinyar da ke fitowa a matsayin yayar ta yi kwana uku tana koyon ɗaura zani da hagu kaɗai. Ranar ɗauka, a tsakar gidan da muka ara a Yelwa, zanin ya kwance mata sau biyu, mai kyamara ya ɗaga hannu zai tsayar. Na yi masa alama ya bari. Ta kama gefen da haƙori, ta ja da hagun, ta soke, sannan ta sunkuya ta ɗauki tulun.